Rijiya Ta Huɗu

Assalamu alaikum Malam Edita, da duk mai bibiyar wannan fili. Sau da yawa ina ɗaukar biro in aje. Yau dai na daure. Ina roƙo a sakaya sunana, ni ma ba zan faɗi sunan kowa ba, har da ƙauyen da abin ya faru, saboda mutanen wurin ba su yi mini komai ba sai alheri.

Bara war haka ni yarinya ce da ta gama sakandare, ina zaune gida a Sakkwato ina jiran a kira ni makarantar gaba. Ni ce auta a ɗakinmu, kuma an san ni da rawar kai. A makarantar kwana in aka ce wa zai ɗauko abu kaza, kafin a rufe baki na dawo da shi. Inna takan ce hannuna yana riga kaina isa wuri, ni kuwa yabo nake ɗaukar maganar. Ban taɓa wuce Jega ba ta kudu, ga zaman gida ya ishe ni, ƙafata sai ƙaiƙayin tafiya take yi.

Ana nan sai babban yayana ya sayi wata ƙaramar bas a hannun wani Bature da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu. Ba irin ta haya ba ce. An cire kujerun baya an sa gado mai naɗewa, da ɗan kabad, da wurin ɗora risho, da tankin ruwa mai famfo, tagogin duk da labule. A gefenta akwai tamfol da ake warewa, a kafa masa ƙafafu huɗu na ƙarfe ya zama rumfa. Yaran unguwa suka sa mata suna ɗaki mai taya. Da Yaya ya samu hutu a bazara, ya ce zai zaga da ita can ƙarshen jiharmu, ƙasar Yawuri, ya gaida abokansa na makaranta, ya kalli su, wato kamun kifi na taron jama'a, da wasan jiragen ruwa, shi da matarsa. Na tasa shi gaba da magiya, domin babbar ƙawata ta makaranta tana aure a ƙasar Ngaski, bakin ruwan dam, kuma ban samu zuwa bikinta ba. Inna ba ta so ba. Ta ce ita ba ta ga abin da zai sa mai gida ya kwana bisa taya ba. Amma da Anti, wato matar Yaya, ta sa baki ta ce za ta ji daɗin abokiyar hira, sai ta ce mu je, Allah shi kiyaye.

Farkon tafiyar daɗi ne zalla, shi ya sa tuna shi yake yi mini ciwo. A Shanga mun sauka wurin wani abokin Yaya malamin makaranta, ya kai mu kallon su a wani tafki, maza da homa da gora sun cika ruwa, mata suna guɗa a baki. Amma rabin jama'ar da suka taru, motarmu suka zo kallo, ba kifi ba. Ni ce mai buɗe labule in nuna gado, in murɗa famfo ruwa ya zubo, tsofaffi suna riƙe baki. A Yelwa muka kalli tseren jirage, masu tuƙi suna waƙa ana kaɗa musu ganga, muka ci kifi banda har ya gundure mu, Anti ta sayi albasar da ta cika ƙarƙashin gado. Ranar da za mu tashi jama'a suka yi mana yawa, Yaya ya kwance rumfa cikin sauri, ya jingina ƙafafun ƙarfen nan a jikin wata bishiya, muka ja mota muka bar su. Sai da muka yi nisa a hanyar Wara Anti ta tuna. Ta ce mu koma. Yaya ya yi dariya ya ce sanda ce fa, ko'ina aka je akwai sanda. Ni ma na taya shi dariya.

Ƙauyen su ƙawata irin waɗanda gwamnati ta gina ne lokacin da aka tashi mutane saboda dam, gidajen a jere, rufinsu kamar rabin ganga. Na same ta da ciki har ya fito, ta yi ƙiba, ta yi baƙi. Tun daga nesa ta fara, wai ga Basakkwaciya ta zo da ɗakinta a baya kamar kunkuru, ko tsoro nake kar a ba ni tabarma. Na ce ai 'yar ruwa ba ta san daɗin katifa ba. Haka muke kiran juna tun muna aji ɗaya. Da la'asar muna zaune a tsakar gida, mahaifiyarta, wadda ni ma Inna nake ce mata, ta ba mu labarin tsohon garinsu da ruwa ya cinye tun ƙawata tana goye. Ta ce duk shekara in ruwa ya ja baya a bazara kufan yakan fito, bana kuwa ya janye fiye da yadda aka saba, har ana ganin wurin tsohuwar kasuwa. Idon Yaya ya kawo haske, don yana da kyamara kuma irin abin da ya fito nema ke nan. Aka shirya da safe mu yi gaba da mota ta hanyar da amalanken albasa ke bi, mu tsaya gindin wani babban busasshen icce, ƙawata za ta biyo mu da abincin rana ta zaga da mu. Mijinta ya so ya raka mu, amma da asuba zai shiga ruwa duba taru. Abin da ƙawata ta ce kawai shi ne mu jira ta a gindin iccen. Ba ta ƙara komai ba. Daga baya na gane akwai abin da mutum ya sani tun yana rarrafe, har ba ya zuwa masa a rai cewa wani bai san shi ba.

Da safe muka gangara filin nan. Fili ne shimfiɗe iyakar ganin ido, laka ce ta bushe ta tsattsage, fara fat, ga ɓawon katantanwa birjik yana ƙara ƙarƙashin taya. Itatuwan da ruwa ya kashe suna tsaye ba ganye ba ɓawo. Ba kukan tsuntsu, ba motsin iska. Can nesa ruwan yana ƙyalli kamar kwano. Muka tsaya gindin iccen da aka ce, sai ga tushen katangu a ƙasa, da fasassun tukwane, da dutsen niƙa a kife, har da murhu da duwatsunsa uku yadda mai shi ta bar shi. Anti ta ce wurin nan kamar maƙabarta, ita ba za ta fito daga mota ba. Amma kafin hantsi ya yi nisa cikin motar ya zama tanda, iccen kuwa ba shi da inuwar da za ta rufe ko kaza. Kanta ya fara ciwo. Yaya yana fama da kyamara, ya ce auta, nemo mana sanduna mu kafa rumfa.

Ban sha wahalar nema ba. A cikin filin, nan da can, akwai dogayen sanduna a kafe, sun fi ni tsawo, kowace da ƙyalle ɗaure a kanta, wani ja wani fari. Na ɗauka masunta ne suka bari tun lokacin da ruwa yake wurin, ko kuma na korar tsuntsaye ne. Gaskiya ban ma tsaya ɗaukar komai ba, sanda na gani. Na je ga ta farko na kama, ta ƙi. Na yi ta girgiza ta gaba da baya har ta saki, ta fito da wani sauti kamar an zare ƙafa daga taɓo. Gindinta baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, alhali ƙasar da nake tsaye a kai busasshiya ce har tana ƙona tafin ƙafa. Na lura da wannan. Na kuma lura in na taka wurin, ƙasar tana amsawa kamar ganga. Wani abu ya ce mini in mayar. Sai na ji Anti tana kira daga mota, na saɓa ta a kafaɗa na nufi ta biyu. Huɗu na cire, daga wurare huɗu, wata kusa wata nesa. Na kwance ƙyallayen na zubar don sun yi datti. Muka kafa rumfa, Yaya ya ce ai ga shi, har sun fi na ƙarfen kyau. Anti ta ɗora shayi a risho.

Rana ta kusa tsakiya muka hango ƙawata. Ba ta biyo hanyar amalanke ba, ta yanko ta tsakiyar fili don ta fi kusa, da babban faranti a ka. Tafiya take yi da sauri irin ta wadda ta san ƙasarta. Na ga tana ɗan waiwaya hagu da dama, ta kauce wa wata sanda mai jan ƙyalle can nesa, sannan ta miƙe sak zuwa gare mu. Na fito daga rumfa ina ɗaga mata hannu. Har na jiyo muryarta tana cewa Basakkwaciya ta zo ta tare ta, ko sarauniya ce. Ba ta rufe baki ba na ga ta rage tsawo. Haka kawai. Ba ƙara, ba ihu. Farantin ya faɗi gefe, murfin kwano ya gangara yana juyawa a kan busasshiyar laka, ya daɗe yana juyawa kafin ya kwanta. Har yau in murfi ya faɗi a kicin sai na dafa bango.

Da muka ruga, daga ƙirjinta zuwa sama kawai ake gani. Ɓawon ƙasar ya fashe kewaye da ita kamar ƙwai, ƙarƙashinsa baƙin taɓo ne yana tsattsafo da kumfa, ga warin nan da na ji a gindin sanda. Ta baza hannuwanta a kan ɓawon, duk inda ta danna sai ya karye. Yaya ne a gaba. Ta ce masa Yaya ka tsaya nan, kar ka ƙara taku, rijiya ce, in za ka matso ka kwanta rub da ciki. Muryarta ba ta ko rawa, wannan ya fi ba ni tsoro. Ta ce a kawo mata abu mai tsawo. Na koma da gudu na tumɓuke sandunan rumfa, tamfol ya faɗo kan risho Anti ta janye shi, na kwaso su na dawo, na kwanta na ja ciki ina tura mata su ɗaya bayan ɗaya.

Ta kama ta farko, sai na ga ta tsaya tana kallonta. A wuyan sandar akwai tsaga uku da aka yi da wuƙa, da ɗan zaren jan ƙyalle da ya maƙale. Ta juya ta ta ga baƙin gindin. Sannan ta ɗago ta dube ni. Na san ta shekara da shekaru, mun yi faɗa mun shirya, ban taɓa ganin wannan kallon ba. Ba fushi ba ne. Da fushi ne da na fi samun sauƙi. A hankali ta tambaye ni inda na samo su. Na nuna da hannu. Ta ce guda nawa na cire. Mutum taɓo ya kai masa ƙirji, da ciki a jikinsa, amma abin da ya tambaya ke nan. Na ce huɗu. Ta rufe ido, ta buɗe, ta ce to saura uku a buɗe ke nan. Ta ce kowa ya koma ta kan sawunsa, kar wanda ya taka sabon wuri, Anti kuma ta je ta danne hon ɗin mota kar ta saki.

Muka gitta sandunan a bakin ramin, biyu ta gabanta biyu ta bayanta, ta rataya hammatarta a kai. Amma bakin ya fi yadda muka zata faɗi, ƙarshen sandunan a kan ɓawo suke, ɓawon kuwa sai marmashewa yake yi. Yaya ya ce zai ɗaura mata igiyar jan mota ya ja da bas. Ta ce in ya yi haka rabinta zai fitar, taɓon ya riƙe ƙugunta kamar hannu, kuma ya tuna ba ita kaɗai ba ce. Sai ya kwanta ya danne ƙarshen sandunan da ƙirjinsa, ni kuma na riƙe bakin mayafinta da ta naɗe a wuyan hannu, wanda ba abin da zai tsinana, amma na kasa saki. Ƙasar tana ƙona mini ciki, ita kuwa haƙoranta suna kaɗawa, ta ce ƙasan sanyi ne kamar randa. Duk numfashin da ta ja ta saki, sai in ga taɓon ya ɗan hau. Akwai wani fure a jikin rigarta, daidai ƙasan wuya, shi na zuba wa ido. Ina kallo taɓon ya taɓa shi, ina kallo ya rufe shi.

Ta ce in yi mata surutu, ai aikina ne, yau kuma bakin Basakkwaciya ya mutu. Ta ce to in gaya mata 'yan ajinmu wa ta yi aure wa ta rage. Haka na kwanta a bakin rijiyar nan, hon yana ta kuka a bayana, ina lissafa mata wance ta auri soja, wance ta tafi koyon jinya, wance ta haifi tagwaye. Har ta yi 'yar dariya ta ce wance da ko tafasa ruwa ba ta iya ba. Ta ce ita abin da ya fi ƙona mata rai tuwon shinkafar nan ne da miyar kifi, tun safe take wahala a kai, ga shi ƙudaje za su ci. Can ta ce yaron ya daina motsi. Na ci gaba da kiran sunayen 'yan aji, har waɗanda na riga na faɗa.

Masu ban ruwan albasa ne suka fara jin hon, suka kira masunta, kafin wani lokaci fili ya cika da mutane. Ƙawata da sauran muryar da ta rage mata take cewa a gaya musu an cire turakun da ke nuna rijiyoyi, su bi hanyar amalanke, amma wa zai ji, kowa ta inda ya ga dama ya keto. Allah ne kawai ya tsare ba a samu na biyu ba. Mijinta ya iso jiƙe daga ruwa. Suka jawo wani ƙaramin kwalekwale a kan laka suka gitta shi a bakin rijiyar, maza biyu suka shiga, suka ɗaura mata zani a ƙarƙashin hammata. Suka riƙa zura doguwar sandar gora ta gefen ƙafafunta suna motsa taɓon, ana zuba ruwa don ya saki, har ruwan tankin motarmu aka juye duka. Taɓon ya kai mata haɓa, ta ɗaga fuska sama, kafin ya fara sakinta. A hankali a hankali suka zaro ta, gab da la'asar. Zaninta da takalmanta suna can ciki har yau. Ƙafafunta ba sa jin komai. Innarta ta kwance mayafinta ta rufe ta, ta tallafi kanta tana share mata taɓo daga kunne da ɗan yatsa.

A kan gadon nan da nake buɗe labule ina nuna wa mutane muka kwantar da ita zuwa asibiti a Yelwa. A hanya, wajen wani gargada, ta kama hannuna ta ɗora a cikinta. Ya motsa. A nan ne na yi kukan da na kasa yi tun rana.

Washegari Yaya ya mayar da ni kufan, domin ni kaɗai na san inda na cire sandunan. A hanya mijin ƙawata ya yi mini bayanin da ba wanda ya yi mana. Tsohon garin yana da rijiyoyi da yawa, kusan kowace unguwa da tata. Da ruwa ya rufe garin, laka da ciyawa suka toshe bakinsu, amma cikinsu bai taɓa bushewa ba. In ruwa ya janye, rana takan gasa saman ya yi ɓawo, ba mai bambanta shi da sauran ƙasa. Shekarar farko da kufan ya fito sun yi asarar shanu, sai dattawan da suka sha ruwan rijiyoyin nan da hannunsu suka zaga suka kafa turken ƙirya a bakin kowace, ta ɓangaren tudu, suka yi masa tsaga. Ƙirya ba ta ruɓewa a ruwa. Duk shekara wanda ya fara ganin kan turke ya fito, shi zai ɗaura masa sabon ƙyalle. Yawancin dattawan nan sun rasu, turakun ne suka rage suna tuna wa mutane. Yaro tun yana goye ake nuna masa, inda ƙyalle yake ka kauce, inda babu ka taka. Fulanin da ke kawo shanu cin ɗanyar ciyawa daga nesa su ma da shi suke aiki. Da ya ce ta ɓangaren tudu ake kafawa, sai na gane abin da ya hana ni faɗawa. Daga tudu na fito. Sau huɗu ina tsayawa taku ɗaya daga bakin rijiya ina girgiza sanda da ƙarfina duka.

Ɗaya dai ƙawata ta gano mana ita da jikinta. Biyu muka same su ta ramin da turken ya bari, aka soka gora ta shige har ƙarshe, aka mayar da turaku. Ta huɗu ce ta gagara. Ita ce mafi nisa da na je, kuma ta nan ne taron jiya ya keto, sawu ya tattake ko'ina, ga ƙasar dama duk tsaga ce. Na ce nan ne, aka soka, ƙasa ce. Na ce a'a can ne, aka soka, ƙasa ce. Ko'ina iri ɗaya, fari, a tsattsage. Mutanen gari kowa da inda yake nunawa, wannan ya ce daidai kututturen can, wancan ya ce a'a gaba da shi. Wani tsoho ya ce watakila ɓawon wannan ya yi kauri bana, gora ba za ta huda shi ba, yana iya ɗaukar mutum yau ya ƙi ɗaukarsa baɗi. Muka wuni muna yi. Wata mata da ta biyo mu ta ce mun zo kallo mun ƙwaƙule musu ido mun kafa rumfa da shi. Maigari ya tsawata mata, ya ce baƙo ba ya sanin abin da ba a gaya masa ba, Yaya kuma ya ce shi ya aike ni. Amma maganar matar nan ce ta zauna mini, don ita ce daidai. A ƙarshe suka kafa turken na huɗu a inda mafi yawa suka yarda, suka zagaye ɓangaren da ƙananan sanduna. Kowa ya san ƙananan sanduna ba sa jure ruwa da tarun masunta. Kowa kuma ya san turken yana iya zama yana gadin busasshiyar ƙasa, rijiyar tana can gefe tana jira.

Yaya ya sayar da motar bayan mun dawo. Ƙawata ta haihu kafin lokaci, 'ya mace, ƙarama ƙwarai, amma ta rayu. Ita kuma har yanzu ƙugunta yana damunta in ta daɗe a tsaye. Kwanan baya wani mai kawo kifi Sakkwato ya zo mana da ƙunshin banda daga wurinta, da saƙon baki. Wai a gaida Basakkwaciya, a ce mata ta daina ɓoyewa, ba wanda ya riƙe ta a rai, ta zo ta ga ɗiyarta ta fara rarrafe. Sannan ya ƙara da nasa, ba da wata manufa ba, ya ce ruwa ya fara ja baya, kan turakun kufai sun soma fitowa. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. In na taka siminti a tsakar gidanmu sai in ji kamar yana amsawa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Duk abin da ka tarar a tsaye a ƙasar mutane, sanda ce, dutse ne, tsumma ne a jikin reshe, wani ne ya sa shi, kuma yana magana ne da waɗanda suka san yarensa. Mu masu yawon buɗe ido muna zuwa da gadonmu da ruwanmu da rishonmu, har mu ga kamar ba mu buƙatar tambayar kowa komai. Don Allah 'yan'uwana, in kun je baƙon wuri ku riƙe hannunku. Ku tambaya kafin ku cire, ku kwance, ko ku matsar. In an ce ku jira, ku jira ko rana za ta gasa ku. Masu masauki kuma ku gaya wa baƙonku har abin da kuke ganin ko jariri ya sani. Wanda kuma duk ƙafarsa za ta kai shi kufan bakin dam a ƙasar Ngaski wannan bazarar, makiyayi ne ko mai kallo, kar ya yarda da fili don bai ga ƙyalle ba. Ya bi hanyar amalanke.

Ni dai abin da ke hana ni sukuni shi ne yarinyar nan. Za ta tashi a bakin ruwan, za ta yi gudu a filin nan, kuma uwarta za ta koya mata abin da aka koya mata, inda ƙyalle yake ki kauce, inda babu ki taka. Akwai wuri ɗaya a filin da wannan maganar ta zama ƙarya, kuma hannuna ne ya mayar da ita haka. Ku taya ni addu'a Allah ya sa a gano rijiyar nan da gora, ba da mutum ba.